Audugar da Igiya ta Kama

Motar da ta ɗauko mu daga Kano ta sauke ni a Kaduna da hantsi. Ban san kowa a garin ba sai suna ɗaya da aka rubuta mini a bayan ambulan: Malam Habu mai shayi, Makera, ƙetaren gada. Sunana Isuhu, mutumin Damagaram ne ni, a lokacin shekaruna ashirin da biyu. Na gama makarantar koyon sana'a a fannin lantarki, kuma a Yamai an gina wasu dogayen benaye masu lifta, na'urar hawa bene, wadda mu can muke kira asansar. Masu kula da su sun ce za su ɗauke ni aiki, amma sai na kawo lasisi mai nuna cewa na koya a hannun gwani, an jarraba ni na ci. Ban sami inda zan yi hakan a gida ba. Abin da ya kawo ni ke nan, da izinin zama na wata goma a aljihu.

Ina tsaye a tasha ina sake karanta bayan ambulan ɗin, sai wani mutum mai ɗaure da lakataye ya tsaya kusa da ni.

"Ɗan'uwa, daga Faransa ne?"

Haka tsofaffin Kaduna suke kiran ƙasarmu a lokacin. Na ce e. Ya tambaye ni abin da na zo yi, na faɗa masa duka, don ban iya ɓoye magana ga wanda ya girme ni ba. Ya yi murmushi ya ce Allah ne ya haɗa mu, shi ne mai rajistar ɗalibai a makarantar lifta ta Kakuri. Ya ɗauki jakata da kansa. Muka ƙetare gada a bas, ya kai ni wani shago mai benci da tebur, bango cike da hotunan dogayen gine-gine. Ya karɓi takardar kammala makarantata, ta asali, ya ce sai an kai ta ofis an buga mata hatimi saboda da Faransanci take. In dawo Litinin. Har ya saka ni a hanyar Makera, ya yi mini addu'a.

Ranar Litinin na tarar da tela a shagon yana taka keke.

"Makaranta? Nan shagona ne, malam. Hotunan nan daga kalanda na yanko su. Wani dai ya roƙe ni ya zauna da baƙonsa ranar Laraba, na tafi cin abinci na bar su."

Na tsaya a ƙofar har telan ya ji tausayina ya miƙo mini ruwa. Shekara uku na yi kafin in samu takardar nan, kuma babu wata shaida da nake da ita ban da ita.

Malam Habu, wanda abokin kawuna ne tun suna yara, bai yi faɗa ba. Ya ci gaba da fifita wuta ya ce, "Ta gasken ka ba shi?"

"Ita ya tambaya, Kawu."

"To in ya tambayi kanka fa?"

Na ce ko mu kai ƙara. Ya dube ni ya rage murya. Ya ce ba a daɗe da korar baƙi daga ƙasar ba, mutanenmu da yawa an kwashe su a manyan motoci, wanda ya rage ba ya kai kansa inda za a tambaye shi daga ina ya fito. Izinin zamana daidai yake, amma daga ranar na shiga tsoron duk wani mai kaki. Ko mai gadin kanti na hango sai in sauya hanya. Ina kwana da izinin zamana a cikin leda, ɗaure a cinya.

Teburin shayin Malam Habu yana bakin ƙofar wata babbar masaƙa. Idan jiniya ta yi kuka, ma'aikata su fito kamar an buɗe dam, gashinsu fari fat da ƙurar auduga, suna magana da ƙarfi saboda injuna sun kashe musu kunne. Ni ina gefe ina wanke kofuna. In kasuwa ta lafa, sai in buɗe littafina na lifta da na zo da shi, ina kwafe zane-zanensa cikin wani littafin rubutu, don ban san me zan yi da kaina ba. Komawa gida hannu wofi ba ta yiwuwa. Mahaifiyata ta riga ta gaya wa duk unguwa.

Wata safiya wani dattijo baƙi, gajere, mai shuɗin kayan aiki, ya ajiye kofinsa ya ja littafin rubutun daga gabana.

"Wa ya zana wannan?"

Na ce ni ne, amma ko ni ban ji muryata ba.

"Habu, baƙon naka bebe ne?"

"Ɗan boko ne, Baba. Kunya ce ta yi masa yawa."

Dattijon ya miƙe hannu da littafin can nesa da fuskarsa yana dubawa. Ya sa yatsa a kan zanen birki. Sai na ga yatsansa na tsakiya rabi ne.

"Ka taɓa ganin wannan da idonka?"

"A littafi, Baba."

"A littafi. To gobe ka zo ka ga wanda ya ci mini wannan."

Shi ne Baba Yohanna, mutumin kudancin jihar, shugaban masu gyaran lifta a masaƙar, shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki. Mataimakinsa Sande ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda bakinsa ba ya hutawa. Baba ya shigar da ni a matsayin mai koyo. Ya ji labarin takardata, bai ce komai ba sai, "Ni ma ba ni da ita."

Lifta uku ne a masaƙar, duk na ɗaukar kaya. Rana ta farko Baba ya buɗe ƙofar hawa na biyu da wani ɗan makulli, ya ce in taka saman keji, wato akwatin da ake shiga. Na leƙa. Rami ne mai duhu, igiyoyin ƙarfe suna tashi daga tsakiyar kejin su ɓace a sama. Ƙafata ta ƙi ɗaguwa.

"Ɗan Faransa, ko sai an kawo maka kujera?" in ji Sande.

Na taka. Baba ya nuna mini inda zan tsaya da inda ba zan taɓa sa hannu ba. Ya ce idan muka fara tafiya in matse kafaɗuna, saboda a tsakiyar hanya wani ƙaton ƙarfe mai daidaita nauyi zai wuce ta bayana, ba ya sallama. Kejin ya motsa. Na ji iskar ƙarfen a wuyana lokacin da ya gifta. Da muka sauka sai da na zauna a ƙasa, Sande yana mini fifita da hula yana rera waƙar coci ta jana'iza. Wata biyu na yi ina hawa kullum, tsoron bai tafi ba. Na dai koyi yin aiki yana nan.

Kayan wurin duk na Ingila ne, da inci ake auna su, ni kuwa da milimita na tashi. In za a kwance noti Baba ya ce, "Miƙo sifana mai rabin inci," sai in tsaya ina lissafi a kai. Sande ya ce ni ne mutum na farko da yake sallar istihara kafin ya miƙa sifana. Na zana jadawali a bayan littafina, na haddace shi cikin mako guda. Turanci kuma da ƙamus na bi shi, kalma kalma, bayan sallar asuba.

Abin da Baba ya fi tsananta mini a kai shi ne duba igiya. Igiyar lifta ƙananan wayoyi ne aka murɗe wuri guda, in ta tsufa sai su fara tsinkewa ɗaya ɗaya, kuma giris da ƙura suna rufe su, ido ba ya gani. Dabarar Baba ita ce a ɗebi tarkacen auduga, wanda yake ko'ina a masaƙa, a goge igiyar, sannan a riƙe sabuwar auduga sako-sako a jikinta, a tafiyar da kejin a hankali. Duk inda waya ta tsinke sai ta fizgi audugar, ta bar fari a jikin baƙar igiya. A tsayar, a ƙirga. A ɗakin inji ake yi, can ƙololuwar gini, inda duk tsawon igiyar yake bi ta kan wili, kuma a riƙe ta ɓangaren da take fitowa, kada ta ja hannu ciki. Na yi wannan a lifta ta ɗaya da ta biyu har hannuna ya iya ba tare da ni ba.

Ta uku tana tsohon siton auduga, can bayan masaƙa. Tsohuwa suke ce mata. Ɗakin injinta ba shi da matakala sai wani tsani na ƙarfe manne da bango, miƙe sak. Baba ba ya barin kowa ya duba ta.

"Tsohuwa tawa ce. Rana ɗaya muka fara aiki. Ku je ku yi wasa da yaran."

Farkon kowane wata sai ya tafi shi kaɗai, ya dawo ya sa hannu a littafin dubawa. Ina ganin yadda yake hutawa a kowane hawa in muna hawa bene, yana dafe gwiwa yana cewa yana kallon gari ne. Ban kawo komai a raina ba.

Kewar gida takan kama ni da la'asar. Ba wani babban abu nake tunawa ba, sai duwatsun garinmu in rana ta yi sanyi, da hurar da mahaifiyata take damawa da dabino da cuku. A Kaduna ruwan sama ya yi yawa, komai kore, takalmina har fumfuna ya yi. Wasiƙa ɗaya na rubuta gida, na ce komai lafiya. Ban ambaci takarda ba.

Baba ne ya lura na rame. Wata Lahadi ya ce in same shi gida a Unguwar Boro bayan an taso coci. Na tafi ina fargaba, don ban taɓa shiga gidan Kirista ba, ban san yadda zan yi da abinci ba, kuma na san ba zan iya buɗe baki in tambaya ba. Matarsa, Mama Saratu, ta tare ni tun daga ƙofa.

"Kai ne mai lissafin sifana? Shigo, ɗana. Naman nan wurin Malam Sani mahauci na sayo, ka ci hankalinka kwance."

Tuwon acca ne da miyar karkashi. Da azahar ta yi, ban ce komai ba, sai ga buta da sabuwar tabarma an ajiye mini a ƙarƙashin mangwaro. Daga nan kowace Lahadi can nake wuni. 'Yan matansu biyu suna sakandare, ina koya musu Faransanci suna dariyar yadda nake kiran sunayensu.

Jarrabawar lasisi sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma ta faɗo saura mako shida izinin zamana ya ƙare. Da na je rajista aka tambayi takardar makaranta. Baba ya sa kayansa na zuwa coci ya raka ni. Ya rubuta wasiƙa cewa a hannunsa na koya, ya san aikina, ya tsaya mini, ya sa hannu. Saboda sunansa aka karɓe ni. Ba ni da wata madogara sai wannan wasiƙa.

Na rubuta jarrabawar takarda a wani zaure a ƙetaren gada. Ta aiki kuwa, tunda lifta ba ta da yawa a garin, mai jarrabawa ne yake zuwa inda ɗalibi yake. Ya zo ranar wata Alhamis da safe, dogo, da farin kaftani da tabarau, kowa Injiniya yake ce masa. Ya sa na cire fis na nuna masa yadda ake tsare wuta kafin a shiga rami. Ya sa na daidaita birkin lifta ta ɗaya. Ya tambaye ni abubuwa da Turanci, na amsa a hankali, sau biyu yana cewa in ɗaga murya. Sannan ya buɗe littafin dubawa ya juya shafuka.

"Saura igiya. Waɗannan biyun ka saba da su. Mu je ta ukun."

Na saci kallon Baba. Ya ce, "To, Yallaɓai," ya wuce gaba.

A siton, Injiniya ya ɗaga kai ya kalli tsanin, ya kalli kaftaninsa. Ya miƙo mini takarda mai gida biyu a ƙasanta, ɗaya na cewa igiya lafiya, ɗaya na cewa a dakatar da lifta.

"Hau ka duba. Ka cike, ka sa hannu, ka kawo mini. Wannan ya bi ka ya tafiyar maka da keji."

Na cusa auduga a aljihu na kama tsani, Sande yana biye. Ban kalli ƙasa ba. Abin da na fara lura da shi a sama shi ne ƙofar ɗakin. Ƙurar auduga ta taru a bakinta kamar bargo, babu sawun ƙafa ko ɗaya. Sai da muka sa kafaɗa ta buɗe. Sande ya dubi ƙurar, ya dube ni.

Igiya huɗu ce. Giris da ƙura sun daskare a jikinsu. Na goge, na riƙe auduga, Sande ya tafiyar. Ta farko ta wuce sumul. A ta biyu, kejin ya kusa kai ƙasa, sai na ji an fizgi audugar daga hannuna. Na ce ya tsaya. Na haska tocila. Fari ne tsilli-tsilli a jikin igiyar, wuri guda, tsawon da bai kai kamu biyu ba. Wurin da yake zaune a kan wili ne duk lokacin da ake loda kaya a ƙasa, wanda ba a isa a gan shi daga saman keji ba. Na ƙirga goma sha ɗaya. Na sake ƙirgawa. A ta uku na samu bakwai a daidai wannan wuri. Duka biyun sun wuce abin da littafi ya yarda da shi.

Sande ya leƙo ya gani. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Isuhu," in ji shi. Ranar ce ya fara kiran sunana. "Mutumin can ba zai hau ba. Ka ga kayansa. Sa alama a lafiya, ka karɓi takardarka. Gobe ni da kai mu sami Baba a gefe."

"Za a canja ta?"

"Daga waje ake kawo igiya. Ka san yadda ƙasa take yanzu. Sai an rufe ta da kwaɗo kafin manya su nemo."

"To kafin nan wa zai riƙa hawa?"

"Igiya huɗu ce, ba rana ɗaya za su tsinke ba. Kai ma ka karanta." Ya goge fuska. "Ka san abin da za ka yi wa tsohon nan? Kwana tara ke nan da ya sa hannu. Yaransa biyu suna makaranta. Kuma wasiƙarka sunan wa ke kai? In ya faɗi, da wa za ka tsaya?"

Gaskiya ya faɗa, duka. Na san wataƙila igiyoyin su kai shekara. Na zauna da biro a hannu. Ta ramin da igiyoyin suke bi ina jin muryoyin leburori biyu da suke shiga kejin tare da dilolin auduga kullum, suna gardama a kan ƙwallo, suna jiran mu gama su ci gaba da lodi. Ɗaya a cikinsu kullum yana shan shayi wurin Malam Habu, madara biyu yake so.

Ba zan ce jarumta na yi ba. Tsoro ne ta ko'ina. Ina tsoron Injiniya, ina tsoron fuskar Baba, ina tsoron komawa Damagaram babu komai. Amma da na ɗora biro a gidan lafiya sai na ga zan tafi Yamai in bar sunana a ƙasan wannan takarda, kuma kowace safiya zan tashi ina tunanin ko yau ce. Na san kaina. Ba zan sake barci ba. Na sa alama a ɗaya gidan, na rubuta lambar igiya da inda wurin yake da adadin, na sa hannu.

Sande bai jira ni ba, ya riga ni sauka.

Injiniya ya karanta, ya sake karantawa, ya buɗe littafin dubawa ya ajiye su gefe da gefe.

"Ka san abin da ka rubuta?"

"E, Yallaɓai."

"Ban ji ba."

"Na sani, Yallaɓai."

"Maigidanka ya ce lafiya, kai ka ce a rufe. Ɗayanku bai san aiki ba. In kai ne, ka faɗi. In shi ne, sai in sake duba wasiƙar da ya rubuta maka, in ga ko tana da wani amfani."

Baba yana tsaye hannayensa a baya, yana kallon ƙofar kejin. Bai dube ni ba. Injiniya ya tuɓe kaftani da hula ya miƙa wa Sande, ya naɗe ƙafar wando, ya karɓi tocila ya hau. Ya daɗe a sama.

Da ya sauko, singiletinsa ta yi baƙi. Ba ni ya kalla ba.

"Baba, yaushe rabonka da hawa can?"

"Tun kafin damina, Yallaɓai."

"Sa hannun nan fa?"

"Ina dubawa daga kan keji. Iya inda hannuna ya kai."

Injiniya ya sa aka kawo kwaɗo aka rufe Tsohuwa a gabansa. Ya sa kaftaninsa ya tafi, bai ce mini na ci ko na faɗi ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. An kira Baba ofis sau biyu. Ƙarshen wata aka ce ya huta, saura shekara uku lokacinsa ya cika. Ya kwashe kayansa da sassafe kafin in iso. Sande ba ya mini magana sai ta aiki, kuma ya daina tsokanata, abin da ya fi mini zafi. Leburorin da na ji muryarsu yanzu a ka suke hawa da diloli, suna zagin duk wanda ya jawo. Malam Habu ya ce, "Mutumin da ya ɗauke ka daga wanke kofi." Bai ƙara ba. Lahadi ta zo ta wuce sau uku ban je Unguwar Boro ba. Kullum da safe ina kwance ledar cinyata in duba ranar da ke jikin izinin, kamar za ta sauya.

Saura kwana shida aka aiko in je ofishin da na yi rajista. Akawu ya sa na sa hannu a wani babban littafi, ya turo mini ambulan ba tare da ya ɗago kai ba. Sai da na fita waje na buɗe. Lasisi ne, da sunana, da hatimi. Na jingina da bango na daɗe. Na zaci zan ji daɗi, sai na ji kamar na ɗauko kayan wani.

Ranar Lahadi na tafi Unguwar Boro. Sau biyu ina kai wa bakin layin ina juyawa. Mama Saratu tana tsakar gida tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ka zo," in ji ta.

"Jibi zan tafi, Mama. Na zo sallama."

Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Wata nawa kana cin abinci a gidan nan. Da ka sauko ka ce a ba ka minti biyar da shi. Ko a kunne ka faɗa masa, ya faɗa da bakinsa."

Ban taɓa tunanin haka ba a can sama. Har yau ban sani ba ko da an bar ni. Na sunkuyar da kai.

"Yana baya," in ji ta.

Baba yana zaune a ƙarƙashin mangwaro da singileti, sanye da sabon tabarau mai kauri. A gabansa an ɗora guntun igiyar ƙarfe a kan bulo biyu, an wanke ta tas da kananzir. Na gane ta. Ashe an riga an sauke igiyoyin Tsohuwa, ya sa Sande ya yanko masa wurin.

Na gaishe shi. Ya amsa a taƙaice. Na fito da ambulan na miƙa da hannu biyu.

"Mayar aljihu, za ka ɓata shi da giris. Nawa ka rubuta a ta biyu?"

"Goma sha ɗaya, Baba."

"Sha biyar ne."

Na ɗago kai.

"Sha biyar. Huɗu a ciki suka tsinke, tsakanin murɗi. Irin waɗannan ba sa kama auduga, kuma su ne miyagu. Sai ka lanƙwasa igiya su buɗe baki, ko ka bi su da tsinken ƙarfe. Ban kai ga koya maka ba." Ya gyara tabarau. "Za ka je can kai kaɗai, babu wanda zai hau bayanka. Zo nan. Kama can."

Na kama ɗaya bakin. Muka lanƙwasa ta a kan gwiwarsa. Ya ba ni tsinken ya ce in ƙirga da ƙarfi, yadda zai ji. Na ƙirga na samu goma sha uku.

"Sake."

Na samu sha huɗu. Ya ce in juya ta, in daina sauri, motar Damagaram ba yau za ta tashi ba. Na share gumi da kafaɗa, na fara daga farko, waya ɗaya bayan ɗaya, yana bin tsinken da guntun yatsansa. Sai a karo na uku na samu ta goma sha biyar ɗin.